Tsohuwar Sherman da sabuwar igwa: ina za a ajiye tankokin Chile?

Samarinmu da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram sun dawo Gangara hutu da wata gardama wadda har yau ba ta mutu a fadar shayi ba. A kan wasan kwamfuta ne mai suna War Thunder, na kamfanin Gaijin, wanda ya fito a 2012 da jiragen sama, aka ƙara masa tankokin yaƙi a 2014. Mai wasa yana zaɓar ƙasa, ya fara da tsofaffin motocin yaƙinta, yana ci yana hawa har ya kai na zamani. Abin da ya raba kan yaran shi ne ko ya dace a zuba tankokin Chile cikin jerin motocin Isra'ila na wasan, in kuma an zuba, da wa za a haɗa su a fage.

Ba kowa ke iya buga wasan a nan ba, don yana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet marar yankewa, Damargu kuwa ba ta wadata da ko ɗaya ba. Bidiyonsa ne ke yawo a salula, daga Tanut har Belbeji. Na zauna na saurare su da kyau, domin yaron da ya iya kawo hujja a kan kaurin sulke gobe zai iya kawo ta a kan farashin gero. Matsayina shi ne a zuba, amma ba duka ba, kuma kada a taɓa alƙaluman gaskiya na kowace mota da sunan daidaitawa.

Kowace mota a wasan tana da lambar ƙarfi. In tankarka tana 6.0, za a jefa ka cikin waɗanda ba su wuce ka ko suka gaza ka da fiye da maki ɗaya ba, wato daga 5.0 zuwa 7.0. Shekarar da aka ƙera mota ba ta cikin lissafin. Shi ya sa M-51 ta Isra'ila, wadda ta yi yaƙin 1967 da na 1973, take gamuwa da Tiger II ta Jamus wadda ta fito a 1944. Wani daga cikin yaran ya ce mini: "Kawu, ai wannan zalunci ne, igwar shekarun 1960 a kan tankar zamanin Hitler." Na ce masa ya dubi jikin M-51 tukuna. Sherman ce ta Amurka, ta Yaƙin Duniya na Biyu, Isra'ilawa suka ɗora mata igwar Faransa mai milimita 105 da injin dizal na Cummins. Igwar tana huda kusan duk abin da ta samu a wannan mataki, amma sulken na nan yadda yake tun farko, Tiger II kuwa mai nauyin kusan tan 70 tana fasa shi daga nesa. Wanda ya riga ganin wani shi ke ci. A ganina wannan haɗi ya yi.

Mu da muka taso da kokawa mun san bambancin. A gasar Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba a auna kowa, ƙarami da ƙato fage ɗaya ne, kuma daɗinta ke nan. A gasar ƙasashen CEDEAO kuwa ana raba ƴan kokawa bisa nauyi, ba a tambayar wa ya girmi wa. War Thunder irin ta biyun ce. Wanda ke neman a jera tankoki bisa shekara ya nemi wani wasa ne daban.

To, me ya haɗa Chile da Isra'ila, ƙasashen da ke da teku da nahiya a tsakaninsu? Takunkumi ne. Janar Augusto Pinochet ya kifar da gwamnatin Salvador Allende a ranar 11 ga Satumba 1973. Kisa da azabtarwar da suka biyo baya suka sa majalisar Amurka ta hana sayar wa Chile makamai a 1976, bisa dokar da Sanata Edward Kennedy ya jagoranta. Sai ga shi a Disambar 1978 Chile da Ajantina sun kai bakin yaƙi a kan tsibirai uku na mashigin Beagle, wato Picton da Nueva da Lennox, har sai da Fafaroma John Paul na Biyu ya shiga tsakani. Sojojin Chile suka farga cewa tankokinsu sun tsufa, masu sayarwa kuma sun juya musu baya. Isra'ila a lokacin tana sallamar Sherman ɗinta, don sabuwar tankarta Merkava ta fara aiki a 1979, ga kuma Centurion da M60 a hannunta. Ta sayar wa Chile Sherman samfurin M-50 da M-51, Chile kuma ta riƙe su har ƙarshen shekarun 1990.

Bai tsaya a nan ba. Masana'antar makamai ta Isra'ila, IMI, ta ƙera wata ƴar igwa mai milimita 60 da ake kira HVMS, wadda ke harba siririyar kibiyar ƙarfe da gudun da ya haura mita 1,600 a daƙiƙa. Sojojin Isra'ila ba su ɗauke ta ba. Chile ce ta saya, ta ɗora ta a kan wasu Sherman ɗin, da kuma ƙananan tankokin M24 Chaffee, su ma na Yaƙin Duniya na Biyu. Mota ta Amurka, gyaran Isra'ila, hannun sojan Chile. Duk wanda ya ce waɗannan ba su da gurbi a jerin Isra'ila bai san tarihinsu ba.

Jerin ma yana bukatarsu. An buɗe shi a Disambar 2021 da jirage, tankokin suka biyo a Maris 2022, kuma daga tsakiya ya fara, a mataki na huɗu, tunda ƙasar ba ta wanzu ba sai 1948. A wannan wasa mota ɗaya ba ta isa, in an fasa ta farko kana bukatar ta biyu da ta uku masu lamba kusa da juna ka koma fage. Jerin da ya cika da ire-iren Magach, waɗanda duk M48 da M60 ne da aka yi wa kwaskwarima, yana ƙarancin ƙananan motoci masu sauri. Kamfanin ya saba cike irin wannan giɓi da wata ƙasa: Afirka ta Kudu ta shiga ƙarƙashin Birtaniya a 2021, Finlan ƙarƙashin Suwidin a 2022, Hangari ƙarƙashin Italiya a 2023.

Wuyar tana wajen lamba. Ɗauki Chaffee mai HVMS. In an bi jikinta, ƙasa za a sa ta, inda kibiyarta za ta ratsa kowace tanka kamar babu sulke, sababbin ƴan wasa su gudu. In an bi igwarta, sama za a kai ta, cikin tankoki masu na'urar riƙe igwa daidai ko ana gudu da madubin gani cikin duhu, a kashe ta kafin ta juya. Wasu yaran suka ce mafita a rage wa kibiyar ƙarfi, ko a ƙara wa jikin sulke kaɗan. Wannan ne ban yarda da shi ba ko kaɗan. Jarin wasan gaba ɗaya shi ne mai wasa ya amince cewa abin da yake gani haka yake a zahiri. Masu bugawa sun ɗauki wannan da zafi har ya wuce hankali: a Yulin 2021 wani ya fitar da takardun sirri na tankar Challenger 2 ta Birtaniya don kawai ya nuna an yi kuskure a sulkenta, bayan ƴan watanni aka maimaita da Leclerc ta Faransa. Laifi ne, ban goyi bayansa ba. Sai dai ya nuna abin da mutane ke zuwa nema. Ranar da aka fara sassaƙa alƙaluma don a faranta wa wani ɓangare, babu sauran hujjar da za a kafa a kan kowace mota.

Kuma ba a ma bukatar sassaƙar, domin ƙaramar igwa tana zuwa da aibinta. Kibiya mai wannan siranta tana huda sulke, amma ɓarnar da take yi a ciki kaɗan ce, sau da yawa sai an harba biyu ko uku kafin tanka ta mutu, a tsakanin nan kuwa abokin gaba ya gano inda kake. Saboda haka wurin Sherman mai HVMS kusa da M-51 ne, ɗan sama kaɗan in saurin ɗura harsashinta ya nuna haka. Chaffee, da yake ta fi sauri da sauƙin ɓuya, tana iya ɗara ta. A sa su a nan, a bar su su yi watanni, sannan a duba.

Dubawar ma akwai gyara a cikinta. Kamfanin yana ɗaga lamba ko ya sauke ta bisa yawan nasarar da mota ke samu. Jerin Isra'ila kuwa ba sabon shiga ke fara shi ba, sai wanda ya riga ya goge a wata ƙasa. In ƙwararru suka hau mota mai rauni suka yi ta ci, lissafi zai ce motar ce mai ƙarfi, a ɗaga ta, talakan ɗan wasa da ya zo daga baya ya tarar ba ta moruwa. Kamata ya yi a auna nasarar mutum a kan wannan mota da nasararsa a kan sauran motocin da yake hawa, a ga ko motar ce ko hannun.

Inda na rabu da masu cewa a kwaso duka shi ne Leopard. Chile ta sayi Leopard 1V kusan 200 daga Holan a 1998, ta kuma karɓi Leopard 2A4 fiye da ɗari daga Jamus tun daga 2007. Ƙirar Jamus ce, sayen Chile. Merkava kuwa Janar Israel Tal ya tsara ta da inji a gaba don ya kare mutanen ciki, da ƙofa a baya, ya yarda ta yi nauyi. Wanda ya zaɓi wannan jeri ya zaɓi koyon yaƙi da irin wannan mota. Leopard 2 ta riga ta bazu a jerin Jamus da Suwidin da Italiya, in an ƙara kai ta nan, fagen sama zai koma Leopard tana harbin Leopard. Akwai ma misali a maƙwabta: tankar TAM ta Ajantina a jerin Jamus take, don kamfanin Jamus ne ya tsara ta. Leopard ɗin Chile ta bi ta can.

Sauran maganar tuta ce, kuma ba zan tsallake ta ba. Cikin yaran akwai wanda ya ce shi ba zai taɓa hawa Merkava ba ko a wasa, bayan abin da idonsa ya gani ana yi a Gaza. Na girmama wannan, ba kuma zan ce masa wasa ne kawai ba. A Chile ma maganar ba ƙarama ba ce. Can ne Falasɗinawa suka fi yawa a wajen ƙasashen Larabawa, har suna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, Palestino, da aka kafa a 1920. A ƙarshen Oktoban 2023 Shugaba Gabriel Boric ya kira jakadansa daga Isra'ila saboda yaƙin Gaza. Cinikin Sherman gwamnatin soja ce ta yi shi, ba a tambayi ƴan ƙasa ba. Don haka in motocin sun shiga jerin, su shiga da tutar Chile a jikinsu da sunan da sojan Chile ke kiransu, a rubuta ƙarara cewa dangantakar ta ƙarfe ce.

Akwai wata mota a wannan jeri da ta sa na ƙara kusantar maganar, AML-90 ta kamfanin Panhard na Faransa. Taya huɗu, mutum uku, nauyi bai kai tan 6 ba, igwa mai milimita 90, sulken da babbar bindiga mai sarrafa kanta ke iya ratsawa. Isra'ila ta yi amfani da ita a 1967. Sojojin Nijar ma sun daɗe da ita, duk wanda ya kalli faretin 18 ga Disamba a shekarun baya zai gane ta. Maƙwabtanmu na Cadi sun shiga yaƙi da ita tare da Toyota masu ɗauke da makamin MILAN, kuma a ranar 2 ga Janairu 1987, ƙarƙashin Hassan Djamous, suka tarwatsa gomman tankokin T-55 na Libiya a garin Fada. A takarda T-55 ta fi AML ta kowace fuska. Sanin ƙasa da sauri ne suka yi aiki, kuma wasan ya kama wani yanki na wannan gaskiya, tunda ya sa AML a fage ɗaya da tankokin da suka ninka ta nauyi sau da yawa ba tare da ya ƙara mata kaurin sulke ba.

Abin da aka yi wa AML shi nake nema wa Sherman da Chaffee na Chile. Yaran da ke da kwamfuta kuma, tunda kamfanin yana karɓar shawarar masu wasa in an kawo ta da hujja, su tattara hotuna da bayanan AML ta Nijar da Toyotar Cadi daga abin da aka riga aka buga a fili, su aika, a nemi gurbinsu a jerin Faransa.