Wai Allura Za Ta Cire Imani?

Da zarar an fara zagayen rigakafi, sai tsohon bidiyon nan ya sake ɓullowa a WhatsApp. Wani Bature ne tsaye gaban allo, yana nuna wa jami'an tsaron Amurka hoton ƙwaƙwalwa, wai an gano ƙwayar halittar da ke sa mutum riƙo da addini, kuma ga allurar da za ta kashe ta. A 2020 aka ƙara gishiri, aka ce Bill Gates ne. Ba shi ba ne, kuma masu bin diddigi sun gano shiri ne irin na fim.

Masu tura shi da "don Allah a yaɗa" ba su lura da abin da suka sa wa hannu ba. Duk wanda ya yarda allura za ta iya cire imani, ya riga ya yarda cewa imani sinadari ne kawai da ke yawo cikin jiki. Wannan fa maganar mulhidai ce! Mun taso muna jin cewa Allah ne mai jujjuya zukata, yau kuma mun miƙa wannan iko ga sirinji.

Tushen zancen littafi ne, The God Gene, wanda masanin ƙwayoyin halitta Dean Hamer ya fitar a 2004. Ya danganta wata ƙwaya mai suna VMAT2 da yadda wasu ke jin kusanci da gaibu. Amma a lissafinsa ma, tasirinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane ba, kuma abokan aikinsa sun yi masa ca. Aikin VMAT2 sananne ne: tana tattara sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su. Mumini na da ita, kafiri na da ita, ɓera ma na da ita, kuma ɓerayen da aka cire musu ita mutuwa suke yi jim kaɗan bayan haihuwa. Akwai ma maganin da ke danne ta, tetrabenazine, da likitoci suka daɗe suna bai wa masu cutar fizgar jiki. Illolinsa da aka sani su ne barci, kasala da damuwa. Ridda ba ta cikinsu.

Za a ce mini ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. A 2011 hukumar CIA ta fake da rigakafin ciwon hanta a Abbottabad don farautar Usama bin Ladan. Takardar 1974 ta Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, kan yawan jama'a ta ambaci Nijeriya cikin ƙasashe 13 da Amurka ke fargabar ƙaruwarsu. To amma waɗannan duka da takardu, 'yan jarida ko kotu aka bankaɗo su, shi ya sa Pfizer ta amince da biyan dala miliyan 75 a 2009. Wace kotu za ka shiga da bidiyon da ba ka san mai shi ba?

In kuwa da gaske ana ƙarar da mu ta allura, to masu makircin sun cika ragwaye. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200, bayan shekaru da dama ana yi mana rigakafi. Masallatai kuma ranar Juma'a har titi ake tarewa.

Asarar da muka gani da ido daga wajenmu ta fito. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa jita-jitar hana haihuwa, ba a dawo ba sai 2004 da aka kawo na Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 kuma aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a lokacin dakatarwar 2003 yanzu sun haura shekara ashirin, kuma babu ɗan Bill Gates ko ɗaya a cikinsu.