Digiri a hannu, suna babu a rajista: 'ya'yan Zango da ƙofar Ƙungiyar Injiniyoyi



A shekarar 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin da ake kira GARID, na rage ambaliya a yankin kogin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka ware don gyaran magudanan ruwa da hanyoyi. Duk wanda ya tuna daren 3 ga Yunin 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Circle suka ci rayuka sama da 150, ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mun saba tambayar yaushe aiki zai ƙare. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: a irin waɗannan ayyuka wa ke zana taswira, wa ke sa hannu a takarda, wa kuma ke ɗaukar kwanon siminti? Muna da yara a Nima da Maamobi da suka karanta aikin injiniya a jami'ar KNUST ta Kumasi ko Jami'ar Fasaha ta Accra. Da yawa daga iyayensu sun ɗauka ranar da aka yi walimar digiri an gama. To, da sauran tafiya.

Tun 2011 Ghana take da doka mai lamba 819, wadda ta kafa Majalisar Kula da Aikin Injiniya, a 2020 kuma aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita. A ƙarƙashin wannan doka, wanda zai yi aikin injiniya sai ya yi rajista ya karɓi lasisi. Hanyar rajistar kuwa ta ƙungiyoyin ƙwararru take bi, babbar cikinsu ita ce Ƙungiyar Injiniyoyi ta Ghana, GhIE, wadda aka kafa a 1968, sai 'yar'uwarta IET. Hedikwatar GhIE tana Roman Ridge, tafiyar 'yan mintuna a mota daga kasuwar Nima. Kusa ne a ƙafa, amma ga yaron da babu injiniya ko ɗaya a danginsa, da nisa.

Ga yadda tsanin yake. Ɗalibi yana iya shiga ƙungiyar tun yana makaranta. Idan ya kammala sai ya koma matakin masu digiri, ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin gogaggen injiniya, yana rubuta abin da ya yi da hannunsa da shawarwarin da ya yanke. Daga nan ya miƙa rahoto, tsofaffin mambobi su tsaya masa, ya zauna gaban kwamiti su yi masa tambayoyi. In ya haye, sai ya zama cikakken mamba, ya sa laƙabin Ing. a gaban sunansa. Ko bayan nan karatu bai yanke ba, domin ana bukatar ya ci gaba da halartar laccoci da tarukan ƙara wa juna sani kafin a ƙidaya shi cikin masu cikakken matsayi. Mu da muka tashi a zauren malamai wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu: ba a ba ɗalibi ijaza don ya mallaki littafi, sai don ya zauna gaban wanda ya karanta shi, har malamin ya shaide shi.

A wajen shaidar nan ne yaranmu suke maƙalewa. Jarabawa suna ci, kuɗin mamba ma ana iya haɗawa. Abin da ke wuya shi ne samun babban da zai ɗauke ka a ofishinsa, ya duba lissafinka, ya sa hannu a rahotonka. Ɗan da mahaifinsa ko kawunsa injiniya ne yana samun wannan a kan tabarmar cin abinci. Namu kuwa yana gama shekarar hidimar ƙasa, sau da yawa a wurin da babu ruwansa da abin da ya karanta, sai ya koma shagon gida ko ya kama tuƙi don ya taimaki iyaye. Babu laifi a neman halal. Amma shekarun da ya yi a shago ba sa shiga rahoto, kuma bayan shekara biyar abokan ajinsa sun zama masu sa hannu, shi yana riƙe da takarda kawai. Shi ya sa muke ganin tarukan ƙungiyar ba na shan shayi ba ne kamar yadda wasu matasa ke ɗauka. A nan ake ganin fuskar wanda zai ɗauki mutum aiki. 'Ya'yanmu mata ma suna da reshensu a ciki, kuma a 2017 mace ta farko, Carlien Bou-Chedid, ta hau shugabancin ƙungiyar baki ɗaya.

Akwai wani sashe na dokar da ya fi shafar mu, kuma shi ne aka fi jahilta. Ba masu digiri kaɗai ta sani ba. Matakai huɗu ta tanada, na ƙarshensu na masu sana'ar hannu ne, kamar yadda hukumar COREN take yi a Nijeriya. Ke nan mai walda, da bakanike, da mai haɗa wayar wuta, su ma suna da gurbi. Masu wayar wuta sun riga sun ɗanɗana: tun da ƙa'idojin 2011 suka fara aiki, wanda ba shi da shaidar Hukumar Makamashi, komai gwanintarsa, sai ya nemi mai shaida ya sa hannu kafin a jona wa gidan da ya yi aiki mita. Gwani ya yi aikin, wani ya karɓi kuɗin sa hannu. Muna jin tsoron haka za ta faru da sauran sana'o'i in muka yi sake.

Ita ma ƙungiyar da abin faɗa mata. Laccar da ake yi da Turancin jami'a ba za ta isa ga maigidan da ya koyi sana'a shekara bakwai a gareji ba. In da gaske ake son masu sana'ar hannu su shigo, sai a zo inda suke, a yi musu bayani da Hausa da Twi da Ga, a kuma auna su da abin da hannunsu ya iya. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 zai yi aiki mai daɗewa idan ya ɗauki nauyin rajistar matasa da horonsu, ba gina filin ƙwallo kaɗai ba.

Saura mu, masu ba da aiki. A Nima fili ya ƙare, kowa sama yake hawa, har masallatai da makarantun Islamiyya. Kwamiti ya tara sadaka, ya kira magini, a ɗora bene a kan tushen da aka haƙa don hawa ɗaya, ba tare da wani ya lissafa ko ginshiƙan za su ɗauka ba. Ginin Melcom da ya rufta a Achimota ranar 7 ga Nuwamban 2012 ya kashe mutum 14, kuma hukumomi sun ce ba shi da izinin gini. Masallacin Juma'a yana tara mutanen da suka fi na kanti. Kwamitin da zai ƙara hawa ya nemi injiniya mai lasisi, ya ga lambar rajistarsa, ya biya shi haƙƙinsa maimakon a ce ya yi don Allah. Sannan ya sa sharaɗi ɗaya a yarjejeniyar: injiniyan ya ɗauki ɗaya daga cikin yaran unguwa masu digiri ya yi aikin tare da shi tun daga gwajin ƙasa har rufi, a ƙarshe kuma ya sa masa hannu a rahotonsa.