FILIN MASU MOTA: Wane Soso Ya Dace da Sabon Shiga a Aikin Goge Fenti?

 A 'yan shekarun nan injin goge fentin mota ya yawaita a shagunan kayan mota, tun daga Ladipo a Legas har Ƙofar Ruwa a Kano, har ya zama samari masu wankin mota da masu motoci kansu suna tara kuɗi su saya. To, sayen inji abu ne mai sauƙi ga wanda ya sami hali. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin zaɓen faifan gogewa da za a manna a bakinsa, domin shi ne ke taɓa fenti, shi ne kuma zai fito da ƙyalli ko ya jawo wa mutum biyan kuɗin sabon fenti a motar da ba tasa ba.

Kafin a je kasuwa, ya kamata a fahimci abin da gogewa take yi. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai shimfiɗa a ƙasa, sa'an nan launi, sa'an nan wani ruwa garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Kaurin wannan kiliya a motar da ta fito daga masana'anta bai cika wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, shi kuwa maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Watau kamar rabin kaurin takardar rubutu ke nan. Zane-zanen nan masu kama da saƙar gizo da ake gani a jikin mota idan rana ta haska, waɗanda galibi goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma ke haddasawa, a cikin wannan kiliya suke. Inji ba ya cike su. Kankare saman kiliya yake yi har ya daidaita da gindin zanen. Abin da aka kankare kuwa ya tafi ke nan, kuma kiliyar nan ita ce ke kare launi daga zafin rana. Idan ta yi siriri, ba da jimawa ba za a ga rufin mota da bonet suna saɓa kamar maciji. Saboda haka dokar farko ta wannan aiki ita ce a fara da faifai mafi laushi da zai iya biyan bukata.

Irin injin da ke hannun mutum shi ne zai fara yanke masa hukunci. Akwai mai juyi ɗaya, wanda ke kewayawa a wuri guda kamar fanka. Yana da ƙarfi, yana kuma tara zafi da sauri, ƙwararru ne suka san yadda ake bi da shi. Akwai kuma mai juyi biyu, wanda akan rubuta haruffan DA a kwalinsa. Faifansa yana juyawa yana kuma kewaye, kamar yadda duniya ke juya kanta tana zagaya rana. Wannan ba ya barin zafi ya taru a wuri ɗaya, kuma yawancinsu idan aka danne su da yawa sai juyin ya tsaya. Shi ne ya dace da ɗan koyo. Amma fa a yi hattara da dabarar nan ta ɗaura faifai a injin yankan ƙarfe na masu walda. Wannan inji yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, alhali injin gogewa mai juyi ɗaya ba ya wuce kamar 3,000, aikin ma a ƙasa da haka ake yinsa. Kafin ƙiftawa da bismilla fenti ya ƙone. Haka kuma mai sayen inji na hannu da ya zo daga Amurka ya duba jikinsa, domin wutarsu ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

Faifan gogewa iri uku ne. Akwai na gashin tumaki, wanda ya fi kowane cin fenti, yakan kuma bar shati da sai an bi da wani faifan an share. Akwai na ƙyallen nan mai ƙananan zare da ake kira maikurofaiba, shi ma yana ci sosai, yana kuma saurin cushewa da ɗaukar zafi. Na uku shi ne na soso, wanda ya fi sauƙin sarrafawa, kuskure a kansa kuma bai cika zama ɓarna ba. Wanda ya sayi injinsa na farko ya tsaya a kan soso tukuna, sauran biyun su jira har hannu ya faɗa.

Shi kansa soson mataki uku ne. Mai tauri na cire zane mai ɗan zurfi ne da dusashewar fenti, ana haɗa shi da man gogewa mai kaushi. Matsakaici na cire ƙananan zane ne da fito da ƙyalli. Mai laushi ƙwarai kusan ba ya cin komai, aikinsa gamawa da shafa man kariya, watau waks. A nan ne masu saye da yawa ke faɗawa tarko, domin sukan ɗauka launin soso shi ke nuna matakinsa. Babu wata ƙa'ida da ta haɗa kamfanoni a kan launi. Ruwan ɗorawa a jerin CCS na kamfanin Lake Country na Amurka mai tauri ne na kankara, amma ruwan ɗorawa na kamfanin Rupes na Italiya na gyara ne mai laushi, mai kaushinsu shuɗi ne. A wajen Meguiar's kuma mai kankara ja ne mai duhu, ruwan ɗorawa matsakaici, baƙi na gamawa. Balle kuma tarin faifai marasa suna da ake sayarwa cikin leda ɗaya launi-launi. Don haka a karanta rubutun kwali, a kuma danna soson da babban yatsa a ji taurinsa. Idan da hali, a sayi duka daga kamfani ɗaya domin matakan su bi juna.

Sai maganar girma. Kowane inji yana da faranti a bakinsa wanda faifai ke mannewa a kai, kuma tilas faifai ya ɗan fi farantin faɗi domin kada gefen faranti ya karci mota. Faranti mai inci 5, watau milimita 125, yana tafiya da soso mai inci 5 da rabi. Mai inci 6 kuma da soso mai inci 6 da rabi. Mutane sukan zaci babban faifai ya fi saurin gama aiki, amma a ƙaramin inji mai juyi biyu nauyinsa kan sa juyi ya riƙa tsayawa, musamman a lanƙwasar ƙofa, sai a yi ta jin ƙara ba aikin da ke ci. Mai inci 5 da rabi ya fi dacewa. Akwai wata dabara mai sauƙi: a ja layi da alƙalami mai kauri a bayan faranti, in dai ana ganin layin yana zagayawa, to faifai yana aiki. Daga baya mutum na iya ƙara faranti mai inci 3 saboda bamba da ginshiƙan gilashi.

Nawa za a saya? Soso ɗaya ba ya goge mota guda. Yana jiƙewa da mai, yana cika da garin fentin da ya kankaro, yana ɗaukar zafi har gam ɗin da ke riƙe bayansa ya saki. Shawarar wannan fili ita ce a sayi matsakaici guda 4, mai tauri guda 2, mai laushi guda 2. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya fara da matsakaicin, domin shi ne zai yi mafi yawan aiki. Gara kyawawa guda huɗu da tarin na banza goma, don araha ba ta ado: soso maras kyau yakan yage yana tsakar juyi, faranti ya sauka a kan fenti.

Idan kaya sun kammala, kada a far wa mota gaba ɗaya. A wanke ta tas, ta bushe, a shigar da ita inuwa har ƙarfen ya huce, domin mai yana bushewa nan take a kan bonet mai zafi. Sa'an nan a zaɓi wuri ɗaya mai faɗin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 2 a yi gwaji. A ɗiga mai kamar ƙwayar wake 3 ko 4 a matsakaicin soso, a ɗora shi a kan mota kafin a kunna, a baza man da ƙaramin gudu, sa'an nan a ƙara zuwa lamba 4 ko 5. A riƙe faifai a shimfiɗe, a tafi a hankali, a bi tsaye a bi kwance kamar sau 4. A share da ƙyalle mai tsabta, a haska da tocila. In zane ya tafi, an sami haɗin da za a bi duk motar da shi. In bai tafi ba, a maimaita sau ɗaya, sa'an nan a hau mataki na gaba. Zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa kuwa ya wuce aikin soso, mai fenti ne maganinsa, nacewa a kansa huda kiliya kawai zai yi.

Har ila yau akwai abin da ya shafi motocinmu musamman. Da yawa daga cikin na hannu da ake shigowa da su an taɓa yi musu fenti, wata ƙofar ta masana'anta ce, wata kuwa an sha mata fila an fesa, kuma ba wanda ya san kaurin abin da aka fesa. Kowane sashe da ake zargi a yi masa nasa gwajin. Tsofaffin motoci na zamanin Fijo 504, da motocin haya masu yawa da ake fesa wa fenti hawa ɗaya, ba su da kiliya; alamar ita ce launin mota zai fito a jikin soso. Wannan ba abin tsoro ba ne a irinsu, sai dai soso zai riƙa cushewa da wuri. Amma idan launi ya fito a motar da ke da kiliya, a kashe inji, an riga an huda. A kuma kiyayi kaifin gefuna da layukan jikin mota, nan ne fenti ya fi siriri, a rufe su da tef.

Kula da soso rabin aiki ne. Bayan kowane sashe a kaɗe shi da buroshi mai laushi, bayan sashe biyu ko uku a canza wani. Wanda ya faɗi ƙasa kada a mayar da shi, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zane bonet duka. Da an tashi aiki a wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa, in sun bushe a ɗaure a leda saboda ƙura. Soson da ya sha mai mai kaushi kada ya koma aikin gamawa.

Daga ƙarshe, ga saurayin da ke shirin ƙara wannan sana'a a wurin wankinsa, ya je wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota ya sayi bonet ko ƙofa da aka cire, ya yi ta koyo a kai, har ma ya ƙona ta da gangan domin ya ga inda iyakar take. Kuɗin wannan bonet bai kai na rigima da mai mota ba, kuma sannu ba ta hana zuwa. A mako mai zuwa za mu duba man gogewa da yadda ake bambanta mai kaushi da mai laushi. Mu kwana nan.