A Nuna wa Baƙo, a Ɓoye wa Mai Gida

Damina ta sake kamawa, ruwa ya sake shiga ɗakunan mutane a lungunmu na cikin birni. Kwatar da aka ce an ba da kwangilar gyaranta tana nan yadda take, cike da leda da baƙin ruwa. An kafa allo a bakin lungu, an rubuta sunan aiki, amma ba a rubuta ko nawa aka ware ba, ba a rubuta ranar gamawa ba. Dattawan unguwa suka tura ni in binciko. Na yi sawu uku a wani ofishi. Ranar farko aka ce oga ba ya nan, rana ta biyu aka ce in dawo gobe, rana ta uku wani ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Malam, ai komai yana intanet." Wannan magana ce ta ƙona mini rai, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Yana intanet domin wa? Domin gyatumar da ta kwana tana kwashe ruwa da ƙwarya? Domin marinin Ƙofar Mata, ko mai sayar da kayan ƙamshi a Kasuwar Kurmi da ake karɓar harajinsa ba fashi? Takardu ne masu ɗaruruwan shafuka, da Turancin akantoci, waɗanda ko mai digiri sai ya yi gumi kafin ya gano layin da ya shafi mazaɓarsa. Ba domin mu aka ɗora su ba. An ɗora su ne domin baƙin da ke ba da maki su gani.

Mu tuna yadda aka faro. A watan Satumba na 2011 ƙasashe 8 suka kafa ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati, wato OGP. Najeriya ta shiga a 2016, bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci taron yaƙi da cin hanci a Landan, kuma Kano na cikin jihohin da suka sa hannu da wuri. Hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta shafe shekaru tana gudanar da shirye-shirye irin su SPARC da SAVI da PERL a Kano da Kaduna da Jigawa. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin SFTAS, inda jiha ta riƙa samun tukuici idan ta wallafa kasafin kuɗinta a kan lokaci, ta fitar da rahoton mai binciken kuɗi, ta tace sunayen ma'aikatan bogi. Jihohi sun karɓa a matsayin kyauta, alhali bashi ne a wuyan Tarayya, wato a wuyana da wuyanka da wuyan 'ya'yanmu. An ci bashi da sunanmu don a biya masu mulki ladan nuna mana lissafin kuɗinmu, sannan lissafin bai iso lungu ba. Wannan cin fuska ne.

Ban ce ba a samu komai ba. Da can ko ɗan jarida ba ya ganin kasafin jiha sai ya san wani a ciki. Yau yana iya sauke shi a wayarsa, kuma matasan ƙungiyoyin bin diddigi na amfani da shi tsakani da Allah. Amma gaskiyar da aka yi don ganin idon baƙo tana tafiya ne ranar da baƙon ya naɗe tabarmarsa.

Wanda ke shakka ya dubi Tunisiya. A watan Disamba na 2010 Muhammad Bu'azizi, mai tura baron kayan marmari a Sidi Buzid, ya cinna wa kansa wuta saboda wulaƙancin jami'ai, ƙasashen Larabawa suka ɗau zafi. Bayan juyin juya halin da ya biyo baya a Tunisiya, ƙwararru suka kwararo daga Turai da Amurka. Tunisiya ta shiga OGP a 2014, ta yi dokar samun bayanai da aka yi ta yabo, ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci. A ranar 25 ga Yuli 2021 Shugaba Ƙais Sa'id ya dakatar da majalisa, wata ɗaya bai cika ba 'yan sanda suka rufe hedikwatar hukumar nan. Ginin shekara 10 ya tafi cikin makonni, domin talaka irin mai baron nan bai taɓa jin cewa nasa ne ba, balle ya tsaya ya kare shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a zo Kano a koya mana wannan darasi kamar baƙon abu. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya zo daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya zauna cikin wannan badala, ya rubuta wa sarki nasiha kan tafiyar da mulki: ya tsare dukiyar jama'a, ya sa ido kan ma'aikatansa, kada ya rufe ƙofa tsakaninsa da talakawa. Zuriyar da ake dangantawa da shi tana Sharifai har gobe. A nan Kano kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami. A nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, su Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da tsangwama domin talaka ya iya tambayar ina harajinsa ya tafi. Mu ne magadan wannan tarihi, amma yau sai an ɗaga mana dala kafin mu buɗe littafi.

Ga tambayoyin da mutanen birni ke yi a majalisa bayan la'asar. Wa ya yanka jikin badala ya raba, kuma nawa aka biya? Wa ya ba da izinin cike kududdufan da ke shanye ruwan damina, har gidajenmu suka koma kududdufan? Wata gwamnati ta ba da filin Idi da tsohon otal ɗin Daula aka yi gini, wata ta zo a 2023 ta rushe. Wa ya taɓa karanto mana takardun cinikin da ƙididdigar asarar? Me ya sa 'yan garuwa suka zama famfon Dala da Gwale da Birni, alhali kowace shekara akwai kason ruwa a kasafi? Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye. A cikin 44 ɗin da muke da su, wace ce take liƙa abin da ta samu a wata a bakin ƙofarta?

Ranku ya daɗe masu mulki, abin da muke nema bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba. A karanta kasafin kowace mazaɓa da Hausa a rediyo. A liƙa shi da boko da ajami a ƙofar gidan mai unguwa. Kowane allon aiki ya ɗauki sunan ɗan kwangila da adadin kuɗi da ranar gamawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikaci kwana 7 ya amsa; wanda ya ƙi, a hukunta shi a faɗi sunansa.

Ku kuma baƙinmu masu tallafi, ku daina auna nasara da takardar da aka ɗora. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku shigo ta Ƙofar Wambai da ƙafa, ku tambayi mace ɗaya ko ta san nawa aka ware wa asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu. Amsarta ita ce makin.

Mu ma, 'yan uwana Kanawa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe ya sayar da bakin tambaya. Ni dai ranar Litinin zan koma ofishin nan, da takarda a rubuce da sa hannun maƙwabtana, zan kuma fara ƙirga kwana 7 daga ranar da aka buga mata hatimi. Kowane lungu ya rubuta tasa.