Firinsifal Ba Jakin Dako Ba Ne



Duk lokacin da sakamakon WAEC ko NECO ya fito ba daɗi, wa ake fara ɗora wa laifi? Firinsifal. Iska ta yaye rufin aji, shi ne. Malami ya ƙi zuwa, shi ne. Amma da me aka haɗa shi ya yi aikin?

Ana ɗauko malami daga aji saboda daɗewa a aiki, ko don yana da uwa a gindin murhu, a damƙa masa makaranta mai ɗaruruwan ɗalibai. Ba horo kan sarrafa kuɗi, ba horo kan jagorancin malamai. Kuɗin gudanarwa sai an ga dama, har alli daga aljihunsa. In ya nemi gudummawar iyaye, a ce ya saɓa dokar ilimi kyauta, a dakatar da shi. Sanarwar ma'aikata kuwa sau da yawa a rediyo ko WhatsApp yake tsintarta, tare da mai shayin unguwa.

Ga cibiyar NIEPA a Ondo, an kafa ta ne don horar da masu tafiyar da makarantu. Ga ƙungiyarsu ta ANCOPSS. Me ya hana jihohi amfani da su?

Buƙatunmu uku ne: horo kafin naɗi, kuɗin gudanarwa kowane zango, da sanarwa a rubuce kafin a shelanta wa duniya. In an yi haka ya gaza, mu ma za mu taya tuhumarsa. Kafin nan, hukunta shi zalunci ne, kuma 'ya'yan talakawa ke kwana a ciki.

Malamanmu, me kuka gani?