Haƙorin Ciko Ba Mabuɗin Kwalba Ba Ne

Yau maganata a kan mutumin da ya sha wahalar ciwon haƙori, ya biya kuɗi likita ya kankare ruɓar ya yi masa ciko, sannan bayan mako biyu ka same shi yana buɗe kwalbar lemo da wannan haƙorin. Haba jama'a!

Muƙamuƙin babban mutum, idan ya danna turamensa da ƙarfi, yana iya sauke nauyin da ya haura kilo 50, wato buhun siminti guda a kan ɗan wurin da bai kai faɗin farce ba. Lafiyayyen haƙori yana rarraba wannan nauyi a jikinsa duka. Wanda aka ƙwaƙule cikinsa aka cika, bangonsa ya riga ya yi siriri, kuma gwargwadon girman cikon, gwargwadon raunin bangon. Wanda aka cire wa jijiya ya fi kowa shiga haɗari, shi ya sa likita yake cewa a dawo a sa masa hula. Mu kuwa da zafi ya lafa, shi ke nan, ba a sake ganinmu.

Sai a koma fasa ƙashi don a sha ɓargo, a gwagwiyi goruba, a tauna busasshiyar aya da ƙanƙara, a ɓare rake da baki. Duk da haƙorin ciko. Ku kuma masu sayar da shinkafa da wake cike da tsakuwa, ku ji tsoron Allah. Mutum na tsakiyar cin abinci sai ya ji ƙaras, kusurwar haƙorinsa ta ɓalle a cikin loma, don kawai ba a tsince hatsin ba kafin a kai kasuwa.

Ƙashi idan ya karye yakan haɗe, amma haƙori idan ya tsage ba ya haɗewa. Tsagar tana farawa kamar silin gashi, wani lokaci ko hoton asibiti ba ya nuna ta. Alamarta zafi mai tsira idan ka ciji abu ko ka saki cizon, da zugi idan ruwan sanyi ya taɓa wurin. Idan tsagar ta gangara ƙarƙashin dasashi har saiwa, sau da yawa sai dai a cire.

Don Allah duk mai ciko da ya ji wannan alama, ya daina tauna da ɓangaren, ya koma wurin likitan haƙori tun tsagar tana sama. Kwalba kuma a nemo mata mabuɗi.