GARAFUNI DA CIWON SUKARI

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

'Yan'uwa Musulmi, an yawaita tambayarmu game da garafuni da ɗan'uwansa wanda Indiyawa ke kira karela, da ake tallarsa a kasuwa cikin ƙwaya da ganyen shayi, wai maganin ciwon sukari ne.

Asalin tsirrai halas ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da neman magani. Likitoci sun lura yana iya rage sukarin jini. Amma a 1 ga ƙa'idojin da muke bi, ba a gina hukunci a kan zato. A shekarar 2012 ƙungiyar Cochrane ta duba gwaje-gwaje 4 da aka yi wa mutum 479, ba ta sami isasshiyar hujjar cewa yana maganin ciwon ba.

Saboda haka mai allurar insulin ko shan ƙwayar asibiti kada ya haɗa da shi sai da iznin likita, domin sukari na iya faɗuwa har ya suma, musamman mai azumi. Mai juna biyu ta nisance shi don tsoron ɓari, a kuma hana yara 'ya'yansa.

Ku kuma fatake, wanda ya sayar da shi da alkawarin warkewa, har majinyaci ya bar maganinsa, ya ci amana, kuma malamai sun ɗora lamuni a kan mai magani ba da ilmi ba.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu.